Kiɗan zamani na Nijar: makaɗa da ƙungiyoyin da ba a cika sani ba

Kiɗan zamani na Nijar shi ne wanda ake haɗa jita, jitar bes, gangunan bature ko piyano da kayan gida irin su kalangu, molo, gurmi, ƙwarya da sarewa, ana rera waƙa da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci ko Tamashek. Mutum biyu ne sunansu ya zaga duniya, Bombino da Mdou Moctar, dukansu 'yan jitar Abzinawa. Bayansu akwai ƙungiyoyi da dama da suka shekara ashirin ko talatin suna aiki, wasu ma sun fi su daɗewa, amma ko a Katsina da Sakkwato da ke bakin iyaka ba kowa ya taɓa jin sunansu ba.

Abin da ya rufe su

Nijar ba ta taɓa samun manyan kamfanonin buga faifai irin na Legas, Abijan ko Bamako ba. Makaɗi yana cin abincinsa ne a wurin biki, suna, taron siyasa da gidan rawa. Abin da aka naɗa kuwa, mafi yawansa a gidan rediyon ƙasa aka naɗe shi, ko a kaset da ake kwafa hannu da hannu, daga baya kuma a memorin waya. Gwamnati ta taɓuka: a 1987 aka fara gasar Dan Gourmou, wadda ta ɗauki sunan shahararren mawaƙin Tawa, wajen 1990 kuma aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta El Hadj Taya a Yamai. Waɗannan sun fitar da gwanaye, sai dai ba su samar da kasuwa ba.

Waɗanda suka fitar da faya-fayan waje ƙananan kamfanoni ne na ƙetare: Sahel Sounds na Christopher Kirkley a Portland ta Amurka, wanda ya fara a 2009, da Sublime Frequencies na Seattle, da World Music Network da FatCat a Ingila. Shi ya sa za a iya samun Ba'amurke da ya haddace kiɗan wata ƙungiyar Agadas, alhali mutumin Daura bai san da ita ba.

Ƙungiyoyin Yamai

Tal National ita ce ta fi cancanta a fara da ita. Hamadal Issoufou Moumine, wanda aka fi sani da Almeida, shi ya kafa ta a 2000, kuma ya yi aikin alƙali a Yamai yana kaɗa jita da dare. 'Yan ƙungiyar sun haɗa Zabarmawa, Hausawa, Fulani da Abzinawa. Sun fi goma, amma shida ne ke hawa dandali a lokaci guda, ana canji, domin a ganiyarsu sukan yi wasa dare biyar a mako, kowane dare kusan awa biyar. Wannan yawan wasa shi ya sa hannunsu ya faɗa sosai. Faya-fayansu na ƙetare uku ne, duk a FatCat: Kaani a 2013, Zoy Zoy a 2015, Tantabara a 2018. Wani injiniyan sauti daga Chicago, Jamie Carter, shi ya riƙa zuwa Yamai da kayansa yana naɗa.

Kiɗansu yana da sauri, kuma yakan rikita sabon kunne. Dalili shi ne kowane bugu huɗu an raba shi uku-uku, sha biyu ke nan, jita tana bin wani rabo, mai ganga yana bin wani. Wanda ya bi jita zai ɓace. A kama jitar bes ko kalangu a riƙe, sauran za su zauna da kansu. Kaani ya fi sauƙin shiga. Tantabara ya fi zafi, kuma ba shi ne na fari ga baƙo ba.

Ƙungiyar Mamar Kassey ta girmi Tal National. Yacouba Moumouni, mai sarewa kuma mawaƙi ɗan Tera, shi da ɗan jita Abdoulaye Alhassane suka kafa ta a 1995. A nan kayan gida ne a gaba, sarewar Fulani, molo, ƙwarya da kalangu, jita da bes suna tallafa musu daga baya. Faifansu na fari, Denké-Denké, ya fito a 1999, har sunan ya bi Yacouba. Mai son kiɗan Ali Farka Touré na Mali zai ji ɗanɗanon kogin Kwara iri ɗaya, sai dai na Mamar Kassey ya fi motsa ƙafa.

Akwai kuma Sogha, wadda mata ke jagorantar waƙarta, ta kuma yi fice a lokacin wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci da aka yi a Yamai a Disambar 2005.

Masu piyano

Mamman Sani Abdoulaye ma'aikacin UNESCO ne da ya sayi wata ogan ƙirar Italiya mai suna Orla a hannun wani abokin aiki ɗan Ruwanda. Da ita ya riƙa mayar da karin waƙoƙin gargajiya na Nijar zuwa kiɗan lantarki mai sanyi, yawanci babu murya. A 1978 ya naɗi kaset ɗaya a gidan rediyon ƙasa, kwafi kaɗan aka buga. Amma rediyo da talabijin na Nijar sun shekara da shekaru suna sa kiɗansa a tsakanin shirye-shirye, don haka 'yan ƙasar da yawa sun san karin ba su san mai shi ba. Sahel Sounds ya sake fitar da kaset ɗin a 2013 da sunan La Musique Électronique du Niger, sannan Taaritt a 2014. Kiɗa ne na zama, ba na rawa ba, kuma wanda ya saba da gangar fina-finan Kano zai iya cewa ya yi lami a jin farko. Sai an ba shi lokaci.

Hama, wani matashi a Yamai, ya bi wannan sawu da piyanon Yamaha, yana ɗauko karin jitar Abzinawa yana zuba shi a kan gangar inji. Kiɗansa ya daɗe yana yawo a memori babu suna kafin faifansa Torodi ya fito a 2015, Houmeissa a 2019.

Jitar Agadas da Azawak

Wannan salo ya taso ne a cikin matasan Abzinawa da fari da rashin aiki suka kora Aljeriya da Libiya a shekarun 1970 da 1980. A Nijar, Abdallah Oumbadougou ne ubansa. A lokacin tawayen Abzinawa na 1990 zuwa 1995 an hana kaset ɗinsa, ana kwafarsa a ɓoye. Faifansa Anou Malane, wanda ya naɗa a situdiyo a Benin da gangar inji a tsakiyar shekarun 1990, an sake fitar da shi a 2019, shi kuma ya rasu a 2020. Duk wanda ke son sanin inda Bombino ya sha ruwa, nan zai koma.

Bayan sulhu kiɗan ya bar daji ya koma filin biki, ya ƙara sauri, aka sa masa gangunan bature. Group Inerane ta Bibi Ahmed ita ce ta buɗe jerin faya-fayan Guitars from Agadez a 2007. Sautin a dagule yake, jita tana ƙara kamar za ta fasa lasifika. Ba laifin mai naɗa ba ne: ƙaramar amfilifaya ce ake murɗawa har ƙarshe don ta rufe hayaniyar taro da ƙugin janareta, sai sautin ya tsage, kuma tsagewar ta zama abin da 'yan biki ke so.

Etran de L'Aïr 'yan gida ɗaya ne, 'yan'uwa da 'ya'yan 'yan'uwa daga unguwar Abalane a Agadas, suna tare tun 1995. Da jita ɗaya marar lantarki suka fara, gangarsu kuwa ƙwarya ce a kife cikin ruwa ana dukanta da takalmi. Sun yi suna a matsayin makaɗan bikin talakawa, waɗanda ba su iya ɗaukar manyan ƙungiyoyi. Abin saurare a wurinsu shi ne yadda jita biyu ko uku ke saƙa da juna, wannan ta saki waccan ta kama, ba wadda ke tsayawa ta yi sarauta. Faifan No. 1 na 2018 a waje aka naɗe shi, da guɗa da tafin jama'a a ciki. Agadez na 2022 da 100% Sahara Guitar na 2024 sun fi tsabtar sauti, amma na farin ne ya fi kama da abin da ake ji a filin biki.

Les Filles de Illighadad sun fito daga wani ƙauye kusa da Abalak a jihar Tawa. Fatou Seidi Ghali, wadda ta koyi jita da ta yayanta, ita da Alamnou Akrouni ne tushen ƙungiyar. Jita a wurin Abzinawa aikin maza ne, tende kuma na mata, su sai suka haɗa biyun. Tende turmi ne na daka. Ana jiƙa fatar akuya a shimfiɗa a bakinsa, a ɗaure ta da igiya a jikin taɓare biyu da aka gitta a gefe da gefe, mata biyu su zauna a kan taɓaren, nauyinsu ya ja fatar ta yi tauri. Ana yayyafa mata ruwa a kai a kai, domin in ta bushe sautin yakan tashi ya rasa zurfi, in kuma ruwan ya yi yawa sai ta saki ta yi dum. Kusa da shi akwai ƙwarya a kife cikin ruwa, ita ke ba da bugun ƙasa. Faifansu na 2016 gefe ɗaya jita ne, ɗaya gefen tende zalla. A Eghass Malan na 2017 ne suka zuba karin tende a kan jitar lantarki, kuma shi ya fi dacewa a fara da shi. At Pioneer Works na 2021 wasa ne da aka naɗa a gaban jama'a a Brooklyn.

Etran Finatawa ta haɗu ne a 2004 a bikin hamada na kusa da Tumbuktu, inda wata ƙungiyar Abzinawa da ta Fulanin Woɗaaɓe suka zama ɗaya. Jita daga wannan ɓangare, amshi mai hawa-hawa da tafi da kacau-kacau na ƙafa daga wancan. Faifansu na fari ya fito a 2006, Desert Crossroads a 2008.

Wani abin da ya haɗa wannan salo da Najeriya: faifan Mdou Moctar na fari, Anar, a Sakkwato aka naɗe shi a 2008, da na'urar lanƙwasa murya da gangar inji irin na waƙoƙin fina-finan Hausa. Masu saurarensa na yanzu da yawa ba su taɓa jin sa ba.

Masu waƙa da Hausa

Sa'adu Bori dai dattawan Arewa ba su manta da shi ba, matasa ne ba su riske shi ba. Ya ɗauko kiɗan bori ya ɗora a kan jita da gangunan bature, kuma faifan da suka yi tarayya da Moussa Poussy, Niamey Twice na 1994, yana cikin na farko-farko na zamani daga Nijar da aka sayar a Turai. Ya rasu a haɗarin mota a 2008.

Malam Maman Barka Batube ne, an haife shi a Tesker a 1959, malamin makaranta kafin ya zama makaɗi. Da gurmi mai tsirkiya biyu ya yi suna, yana waƙa da Hausa da wasu harsunan ƙasar. A 2002 ya samu tallafin UNESCO ya tafi bakin tafkin Cadi wurin Boukar Tar, wanda ake ɗauka shi ne gwanin biram na ƙarshe. Biram kayan kiɗan masuntan Buduma ne, mai tsirkiya biyar, ƙirarsa kamar kwalekwale. Faifan da ya yi da biram a 2009 tare da makaɗin ganga Oumarou Adamou shi ne hanya mafi sauƙi ta jin wannan kaya. Ya rasu a Yamai a Nuwambar 2018.

A Tawa kuma akwai Azna de L'Ader ta ɗan jita Mona, wadda ke kiɗa tun shekarun 1970. Salon Jimi Hendrix, shahararren ɗan jitar Amurka, ne a kan karin Adar, ga kuma faifansu Zabaya a Sahel Sounds.

Nema da saurare

Babban abin da ke hana a same su a intanet shi ne rubutun suna. Nijar da ƙa'idar Faransanci take rubutu: "ou" a wurin "u", "tch" a wurin "c", "dj" a wurin "j". Wanda ya rubuta Sa'adu Bori zai samu kaɗan, wanda ya rubuta Saadou Bori zai samu ƙari. Haka Maman Barka yana fitowa a Mamane Barka, Adar a Ader, Tawa a Tahoua. A gwada duka biyun, kuma a haɗa da sunan faifai.

Faya-fayan Sahel Sounds suna shafin Bandcamp, inda ake iya saurare kafin a saya. Mafi yawan sauran suna YouTube da Spotify. Abin da ake turawa daga waya zuwa waya ko a loda a kasuwa yana da matsala biyu. Sau da yawa an canza sunan fayil, a jingina waƙar wani ga wani, musamman jitar Agadas da ake laƙaba wa Bombino komai. Sannan an matse fayil ɗin don ya yi ƙarami, tafi da kacau-kacau su koma shuu. Wanda aka kwafo daga tsohon kaset kuma yakan zo da gudu ko da jan jiki, gwargwadon lafiyar rediyon da aka juya shi, har muryar mawaƙi ta canza.

Lasifikar waya ba ta fitar da sautin ƙasa. Tende, ƙwaryar ruwa da jitar bes duk a can suke, don haka Les Filles de Illighadad ko Tal National a bakin waya rabin kiɗan ne kawai ake ji. Abin sawa a kunne, ko da mai araha ne, ko lasifika mai ɗan girma, yana dawo da su. Waƙoƙin biki kuma sukan yi tsawo, karin yana maimaituwa, gudun yana ƙaruwa a hankali, saboda haka tsallakawa bayan daƙiƙa talatin ba ya nuna komai; sai an kai inda mai ganga ya ninka bugu ake gane ko ƙungiyar ta iya.