Icen da ka raina a gonarka: me dokar Nijar ta ce?

Duk shekara lokacin sharar gona maganar nan takan dawo a ƙauyukan Maraɗi da Damagaram: wai in ka bar toho ya zama ice, gobe ma'aikacin gandun daji zai ce na gwamnati ne, ka taɓa reshe a ci ka tara. Saboda haka wasu ke tone kututture su cinna masa wuta tun bai ɗago kai ba.

Tsoron yana da tushe. Dokar 1974 ta sa manomi ya ɗauki itatuwan gonarsa kayan hukuma. Amma an sauya ta da doka mai lamba 2004-040 ta 8 ga Yuni 2004, sannan ran 30 ga Yuli 2020 gwamnati ta fitar da ƙuduri mai lamba 2020-602 a kan sassaben zamani (wato rainon tohon da ke fitowa daga kututture a gona har ya zama ice), wanda ya amince cewa icen da manomi ya raina a gonarsa shi ke da hakkin cin amfaninsa. Wannan maganar gona ce, dajin hukuma hukuncinsa daban.

Inda ake rikicewa shi ne itatuwan da doka ta ba kariya, gawo a gaba. Ƙudurin 2020 bai soke wannan kariya ba. Rage toho a kututture, ka zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, shi ne ainihin sassaben da ake so. Kayar da babban gawo kuwa, ko yi masa kwalkwabo har ya nakasa, sai da izinin gandun daji, wanda ya yi gaban kansa kuma zai iya shan tara. A ganina da nauyi a ce mutumin da ya shekara goma yana tsare gawo daga bakin akuya sai ya je ofis kafin ya sare shi, balle ga wanda ofishin ke masa nisan yini.

Duk da haka, wanda ya tone kututture don gudun wannan, ƙasarsa ya cuta. Sara ba ya kashe saiwar sabara ko kalgo, tana nan a ƙarƙashi da ranta. In aka bar tohon, yakan tare rairayi da ƙurar hunturu, ganye ya taru a gindi, gara ta huda fakon ruwa ya samu hanyar shiga. Gawo kuma da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa hatsi inuwa, ga kashin dabbobin da suka sha inuwarsa da rani. Dubi geron gindin gawo, ka dubi na taku ashirin daga nan, kara ma ya bambanta.

Da wannan dabara ta sassaben zamani, wadda ta fara yaɗuwa daga Maraɗi wajen 1984, kusan hekta miliyan 5 na gonakin Nijar suka sake samun itatuwa, akasarinsu daga kututturen da a da ake ƙonewa.