Waiwaye: Inshorar katin banki a Birtaniya da diyyar da yawancin masu haƙƙi ba su karɓa ba

A shekarun 2000, idan banki a Birtaniya ya aiko wa mutum sabon kati ta gidan waya, yakan tarar da wata 'yar takarda manne a fuskar katin, ɗauke da lambar waya. An rubuta masa ya kira domin a buɗe katin, ko ya shaida cewa ya iso hannunsa. Mutum ya ɗauki waya ya kira, a ransa da bankinsa yake magana. Sau da yawa kuwa wanda ya ɗauka ma'aikacin wani kamfani ne mai suna CPP, wanda a lokacin hedikwatarsa ke birnin York, kuma talla aka ajiye shi ya yi. Kafin a gama sai ya jefo tambaya: idan ɓarawo ya sace katin nan ya kwashe maka kuɗi fa? Daga nan ya gabatar da maganin, wato inshorar kare kati a kan kimanin fam 30 a shekara. Akwai kuma ta biyu, ta kariya daga masu satar bayanan mutum su ci bashi da sunansa, ita kuma wajen fam 80.

Babban abin da ake kwaɗaitar da mutane da shi shi ne alkawarin biyan asarar da ta kai fam 100,000 idan aka yi amfani da katin bayan mai shi ya sanar cewa ya ɓata. A nan gizo yake saƙar. A dokar Birtaniya, daga lokacin da ka sanar da banki cewa katinka ya ɓata ko an sace, duk abin da aka cira bayan nan asarar banki ce, ba taka ba. Ko kafin ka sanar ma, abin da za a ɗora maka a wancan zamani bai wuce fam 50 ba, muddin ba sakaci mai tsanani ka yi ba. Ke nan an karɓi kuɗin mutane a kan kariyar da doka ta riga ta ba su kyauta. Ita kuwa inshorar satar bayanai, an zuzuta haɗarin ne fiye da yadda yake domin tsoro ya sa a saya.

Gaskiya dai inshorar ba ta rasa ɗan amfani ba. Da kira ɗaya za a toshe maka duk katunanka, kuma idan ka maƙale a ƙasar waje za a iya ranta maka kuɗin gaggawa. Sai dai ba wannan ne ya fi sa mutane suka buɗe aljihu ba.

Abin da ya fi ci mini rai a lamarin shi ne yadda aka ci riba da shirun mutane. Inshorar tana sabunta kanta duk shekara, ana cire kuɗin daga kati ba tare da an sake tambayar kowa ba. Fam 30 kuɗi ne da ke ɓuya cikin takardar bayanin asusu, tsakanin kuɗin cefane da na wutar lantarki, mutum ya shekara biyar ko shida bai lura ba. Har akwai wani sharaɗi a yarjejeniyar da ya ba kamfanin damar, idan kuɗi bai fita daga katin farko ba, ya cira daga wani katin da mutumin ya yi wa rajista. Katin da ka miƙa amana don a tsare maka, daga shi ake biyan kai. Tsakanin Janairun 2005 da Maris na 2011 an sayar da sababbin inshora miliyan 4.4, amma waɗanda aka sabunta sun kai miliyan 18.7. Bankunan kuma suna karɓar kamasho a kan abokan hulɗar da suka tura.

Hukumar sa ido kan harkokin kuɗi ta lokacin, FSA, ta fara kula da irin wannan inshora ne a ranar 14 ga Janairun 2005, shi ya sa duk lissafin diyya daga wannan rana yake farawa. A Nuwamban 2012 ta ci CPP tarar fam miliyan 10.5. A Afrilun 2013 sabuwar hukuma mai suna FCA ta gaje ta, kuma a watan Agusta ta sanar da cewa an cimma matsaya da CPP da bankuna da kamfanonin kati 13, cikinsu har da Barclays, HSBC, Santander, RBS, Nationwide, Capital One da MBNA. An ce mutum miliyan 7 ne abin ya shafa, kuma diyyar za ta iya kaiwa fam biliyan 1.3.

Tsarin biyan ya bi matakai. Aka aika wa mutane wasiƙa, suka kaɗa ƙuri'ar amincewa, babbar kotu ta sa hannu a Janairun 2014, sannan aka raba fom. Fom ɗin gajere ne, akwai gurbin da mutum zai rubuta da kalmominsa dalilin da ya sa yake ganin an yaudare shi. Mai nema ba ya biyan ko kwabo, ba a bukatar lauya ko kamfanonin nan masu nemo wa mutane diyya su yanki kasonsu. Wanda ya cancanta za a mayar masa da abin da ya biya tun 2005, a cire duk abin da inshorar ta taɓa biyansa, a ɗora kuɗin ruwa na kashi 8 cikin ɗari a shekara. Wanda ya nemi diyya kuma inshorarsa ta ƙare ke nan. Wa'adi shi ne 30 ga Agustan 2014.

Da aka rufe, mutum kimanin miliyan 2.37 ne suka karɓa, jimillar fam miliyan 451, wato wajen fam 190 kowane. Kusan biyu cikin uku na masu haƙƙi ba su samu komai ba. Ba abin mamaki ba ne. Wasiƙar ta zo da sunan kamfanin da mutane da yawa ba su ma san suna hulɗa da shi ba, a daidai lokacin da saƙonnin neman diyyar inshorar bashi ta PPI suka ishi kowa, ta waya da ta akwatin gida. Wani ya ɗauka takardar talla ce ya jefa a kwandon shara, wani ya zaci 'yan damfara ne, wani ya tashi daga gidan da aka aika masa. A ganina a nan tsarin ya gaza. Sunayen mutanen da adadin abin da aka cire musu duk suna cikin kundin kamfanin. Lokacin cirewa ba a jira kowa ya cike fom ba, amma lokacin mayarwa aka ce sai wanda ya nema, cikin 'yan watanni.

Maganar ba ta tsaya a CPP ba. A Janairun 2015 FCA ta sanar da tsari na biyu, wannan karon a kan kamfanin Affinion International, mai sayar da irin wannan kariya da sunaye kamar Sentinel, ta hannun bankuna da kamfanonin kati 11. Mutum kusan miliyan 2 aka rubuta wa, kuɗin inshorar wajen fam 25 a shekara, matsalar kuma ita ce dai waccan ta biyan kariyar da banki ya riga ya ɗauki nauyinta. Wa'adin ya cika ranar 18 ga Maris na 2016.

Duka tsare-tsaren biyu sun rufe, kuma da yake kotu ce ta tabbatar da su, wanda wa'adi ya wuce shi ya rasa damar sake tada maganar shekarun da tsarin ya ƙunsa. Daga Janairun 2018 an rage abin da za a iya ɗora wa mai kati kafin ya sanar da ɓacewarsa daga fam 50 zuwa fam 35.