Ki saƙa hular jaririnki tun kafin naƙuda ta zo

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, iyaye da kakanni, har da ku magidanta dan maganar nan ta shafe ku. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a ƙaramin asibitin unguwa, ɓangaren awo da karɓar haihuwa nake, kuma duk shekara da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa wajen ƙarshen Nuwamba, hazo ya rufe gari leɓe ya fara tsagewa, toh hankalina baya kwanciya saboda jariran da za'a haifa daga nan har zuwa Fabrairu. Yau akan hula nakeso muyi magana, hular sanyi 'yar ƙarama wadda ake saƙawa da hannu.

Wata safiya cikin watan Janairu, ko gari bai gama wayewa ba, wani bawan Allah ya shigo akan babur da mahaifiyarshi a baya ta rungumo jaririya, maijegon na biye dasu a Keke. A gida aka haihu cikin dare. An naɗe yarinyar da atamfa har uku, kinsan dai yadda muke yi, amma kanta a buɗe yake kuma gashin da ɗan danshi dan an riga an mata wanka tun a daren. Na taɓa tafin ƙafarta naji sanyi ƙalau, na sa hannu a cikinta shima sanyi, kukan ma a hankali takeyi kuma taƙi kama nono. Muka ɗora a sikeli bata kai kilo 2 ba. Nace Inna ina hularta? Sai dattijuwar ta kwance bakin zaninta ta fiddo wata hula ta gwanjo mai kyau wallahi, amma ta ɗan shekara ɗaya ce, ana sakawa ta zazzago har kan hanci. Tace "Malama ita kaɗai muka samu, ai bamu zaci yanzu zata zo ba." Allah ya taimaka abokiyar aikina tanada wata 'yar mitsitsiya data saƙa da kwarashi a jakarta, ita muka saka mata, muka kwantar da ita a ƙirjin uwarta fata da fata muka lulluɓe su tare, sai da jikinta ya ɗan yi ɗumi sannan muka tura su babban asibiti. Tun daga ranar duk mai cikin data zo awo sai na tambayeta hula, kuma sai nace ta kawo in gani da idona.

Abinda yasa na dage haka, jariri ba kamar ni da ke bane. Kanshi babba ne idan aka gwada da jikinshi, kusan kashi ɗaya cikin biyar na faɗin fatarshi duk kai ne, mu manya kuwa kusan ɗaya cikin goma, kinga in aka bar kan a buɗe ko a jiƙe kamar an bar ƙofar ɗaki ne a wangale cikin dare. Sannan shi baya iya karkarwa irin wadda mukeyi jiki ya ɗumama, wani kitse ne na musamman Allah ya ajiye mishi a bayan wuya da tsakanin kafaɗu da yake ƙonawa ya samu ɗumi, bakwaini kuma kitsen nan kaɗan gareshi dan bai gama tarawa ba aka haife shi. Yana cikin ƙona ɗan abinda gareshi sai sugan jininshi yayi ƙasa, sai ya kasa tsotso, in bai tsotsa ba kuma sanyin ya ƙaru, haka abin yake ta zagayawa. Hukumar Lafiya ta Duniya tace zafin jikin jariri ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 zuwa 37.5, duk abinda yayi ƙasa da 36.5 sanyi ya fara kama shi, in ya sauka ƙasa da 32 kuwa ana maganar rai ne. Ɗakin haihuwa ma cewa akayi kar ya gaza digiri 25, toh ki tuna yadda ɗakunanmu suke da asubar hunturu a Kano ko Zariya ko Maraɗi, balle Jos da ba'a magana.

Wata zatace ai hula cike take a kasuwa, gaskiya ne, amma yawancinsu na yaran da suka tasa ne, da wuya ki samu wadda zata zauna daram a kan bakwaini ko ɗan da bai kai kilo 2.5 ba, kuma su ɗinne suka fi buƙata. Mai saƙa kuwa ita ke yanke girman da hannunta. Kan jaririn daya cika wata tara yawanci zagayenshi santimita 33 zuwa 35 ne, sai ki saƙa bakin hular ya ɗan gaza haka kaɗan, kamar 30 zuwa 32, saboda saƙa tana miƙewa, tsayinta kuma daga baki zuwa tsakiyar kai kamar 12 ko 13. Ta bakwaini ki rage, ni babban lemon zaƙi nake ɗauka in gwada, in ta zauna akan lemon bata zamewa toh tayi. Ki saƙa kala biyu, ƙarama da babba, dan baki san da wane girman zai zo ba, wadda bai saka ba sai ki miƙawa maƙwabciya. Ƙullin zare ɗaya mai giram 50 yana fidda hula biyu, wadda hannunta ya faɗa kuma tsakanin la'asar da isha'i ta gama guda, ko da kwarashi ko da tsinke biyu duk ɗaya ne.

Zaren ma a duba. Kafin ki saya ki goga shi a wuyanki ko kumatunki, in ya miki ƙaiƙayi toh fatar jariri ta fi taki laushi nesa ba kusa ba. Kar ki ɗauki mai gashi-gashi da yake zubar da zare, yana shiga hanci da baki. Kuma mu sani yawancin abinda muke kira ulu a kasuwanninmu ba gashin tunkiya bane, zaren roba ne, yana da ɗumi yana wankuwa yana bushewa da wuri amma in wuta ta taɓa shi narkewa yakeyi ya manne a fata, dan haka nesa da kasko nesa da murhu. Dan Allah banda ado. Nasan muna son ranar suna yaro ya fito fes, amma maɓalli da duwatsu da wannan tuntun da ake maƙalawa a tsakiyar kai duk suna iya cirewa su faɗa baki, igiyar ɗaurewa a haɓa kuma tana iya naɗe wuya, bakin hular in kinyi shi mai ɗan jan roba shi kaɗai ya isa ya riƙe. Ɗinkin haɗin ya zama a kwance, ki ɓoye jelar zaren sosai kar ta laƙaɓe a yatsa. Ta rufe kunnuwa da maɗiga, ta tsaya saman gira, in kin cire kinga ta bar shati a goshi ta matse kenan. Ki wanke da sabulu mara ƙamshi ki shanya a rana kafin ki saka a jakar asibiti, kuma kar a turara ta da turaren wuta.

Sai dai hula ita kaɗai bata aiki, wannan nakeso kakanni da ungozomomi su ji da kyau, da girmamawa nake faɗa dan nasan ku kuka raine mu. Ana haihuwa a goge jariri tas da busasshen zani har kai, a ajiye jiƙaƙƙen zanin a gefe, a ɗora shi a ƙirjin uwa, sannan hula, sannan a lulluɓe su tare, a bashi nono cikin awa ɗayan farko. Wanka a jinkirta sai bayan awa 24. Nasan ana cewa in ba'a wanke shi da wuri ba zai tashi da ƙarni, wallahi Inna ba haka bane, wannan farin maiƙon dake jikinshi kariya ce ga fatarshi, kuma wankan dare cikin hunturu shine ya kusa raba yarinyar can da ranta. In hula ta jiƙe da tumbuɗi ko ruwa a canza nan take, jiƙaƙƙiyar hula ta fi rashin hula illa, shiyasa yake da kyau ki tanadi aƙalla biyu ko uku masu zama daidai kanshi.

Ga bakwaini akwai goyon ƙirji da ake cewa kulawar kangaru, likitoci ne suka faro shi a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978 lokacin da kwalaben jarirai suka musu kaɗan, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bada shawarar a fara shi tun daga haihuwa. Jaririn daga shi sai hula da nafkin da safa, a tsaye tsakanin nonon uwa, kai a juye gefe dan ya shaƙi iska, a ɗaure da zani kamar goyo amma ta gaba. Mu da muka gaji goyo wannan ba baƙon abu bane a wajenmu, kuma in uwa zata shiga wanka maigida ma zai iya karɓa, kaka ma haka, babu abin kunya a ciki.

Ɗaya ɓangaren kuma kar a wuce gona da iri. Nasha ganin yaro cikin bazara, watan Afrilu ana zufa ko a inuwa, an jibga mishi hular ulu da riga uku da shawul har ƙuraje sun feso mishi. Ki sa hannu a bayan wuyanshi, in kinji gumi ko zafi rau ki cire hular ki rage kaya. Yaron daya cika watanninshi lafiyayye in ɗaki da ɗumi baya buƙatar kwana da hula, tana iya zamowa ta rufe mishi fuska kina barci. Sannan kaskon gawayi a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga, wannan kam ina roƙonku a daina, iskar da yake fitarwa bata da wari bata da launi, mutum yana barci take ɗauke shi, gara a ƙara bargo a toshe inda iska ke shigowa. Hula kuma ba rigakafi bace, allurar limoniya da sauransu a kai yaro akan lokaci. In kinga jariri yaƙi nono, ko jikinshi yayi sanyi har ciki, ko yana numfashi da sauri haƙarƙari na lotsawa, ko yayi laƙwas, ki saka shi a ƙirjinki da hularshi ku taho asibiti a haka, kar a jira gari ya waye.

Ragowar zaren kuma kar a zubar. A haɗa kala-kala a saƙawa 'yan makaranta masu fita da sassafe, da Baba tsoho mai zuwa masallaci da asuba, da almajirin gidanki da yake zuwa yana rawar ɗari kunnuwa a waje, ta babba zagayenta kamar santimita 50 zuwa 54 ne, ƙulli ɗaya zuwa biyu ya isa. A wajenmu yanzu ranar awo muna ajiye kwarashi da zare akan benci, masu jiran layi wadda ta iya tana nunawa wadda bata iya ba, ƙananan da aka gama muna tarawa a wata roba mai murfi a ɗakin haihuwa saboda irin waɗanda suke zuwa ba shiri. In ke mai saƙa ce ki tambayi ma'aikatan asibitin unguwarku ko suna buƙata, ki kai musu a wanke a cikin leda mai tsabta, kuma ki fi yawaita ƙananan, su muke rasawa kullum.