Wasan Lido

Lido, wanda ake rubutawa Ludo a jikin allunansa, wasan allo ne na mutum biyu zuwa huɗu. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya huɗu masu launi ɗaya, burinsa kuma ya zagaya allon da su ya kai su gida kafin abokan karawarsa. Ƙwayar jefawa mai fuska shida, wadda 'yan wasa ke kira dayis, ita ke faɗin yawan takun da ɗa zai yi. Tushen wasan yana Indiya, a wani tsohon wasa mai suna pachisi. Turawan Ingila ne suka rage masa ƙa'idoji a ƙarshen ƙarni na 19, suka raɗa masa suna daga harshen Latin, inda kalmar ludo ke nufin "ina wasa". A bakin Hausawa da yawa sunan ya koma lido.

Allo da yadda ake bugawa

Allon murabba'i ne, an zana masa hanya mai hannuwa huɗu da suka haɗu a tsakiya. A kusurwoyi huɗu akwai gidajen da 'ya'ya ke zama kafin su fita, galibi ja, kore, rawaya da shuɗi. Kowane hannu yana da layi uku na gurabe shida-shida. Hanyar da kowa ke bi gurabe 52 ce, ana kuma bin ta yadda hannun agogo ke tafiya. Idan ɗa ya kammala zagaye sai ya karkata ya shiga layin launinsa, mai gurabe biyar, inda ba mai iya taɓa shi, daga nan ya faɗa tsakiya.

A ƙa'idar Ingila dayis ɗaya ake jefawa. Ɗa ba ya fita daga gida sai an jefa shida, wanda ya jefa shida kuma zai sake jefawa. Idan ɗanka ya sauka a gurbin da ɗan wani yake, ka ci shi ke nan, sai ya koma gidansa ya jira wata shidar. Shiga tsakiya sai da adadi daidai: wanda saura masa taku biyu, huɗu ba ta yi masa amfani.

Pachisi da chaupar

A harshen Hindi pachis na nufin ashirin da biyar, shi ne adadi mafi girma da ake iya samu a jifa guda. Ba da dayis ake buga pachisi ba, da wuri ake yi, irin wanda ake kashewa a matsayin kuɗi a da, galibi guda shida. Ana watsa su a ƙasa a ƙirga waɗanda suka faɗi baki sama. Biyu, uku, huɗu, biyar da shida kowanne yana ba da takun adadinsa. Idan ɗaya tak ya buɗe baki, taku goma ke nan; idan kuwa duka suka kifa, an sami ashirin da biyar. Jifan shida, goma da ashirin da biyar suna ba mutum damar sake jefawa. Wannan wurin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Irinsa ne ake tsamowa a tsibiran Maldibs na tekun Indiya, wanda ya daɗe yana zama abin ciniki a kasuwannin Kano da Katsina, har kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce.

Allon pachisi ba katako ba ne. Ƙyalle ne da ake yanka shi da hannuwa huɗu, a yi masa ado da zare, a naɗe shi idan an gama. Kowane hannu layi uku ne na gurabe takwas-takwas, ya fi na lido tsawo. Filin tsakiya sunansa charkoni, daga nan 'ya'ya ke fitowa, nan kuma suke komawa. Ɗa zai gangaro ta layin tsakiyar hannun mai shi, ya zagaye allon saɓanin tafiyar agogo, sannan ya sake hawa layin da ya fito. Akwai gurabe goma sha biyu masu alama da ba a cin ɗa a cikinsu.

Abin da ya fi bambanta pachisi da lido shi ne ba kowa tasa ta fishe shi ake yi ba. Mutum huɗu ne, biyu-biyu, abokan tafiya suna fuskantar juna, kuma ba a cin wasa sai 'ya'yan ɓangaren duka takwas sun shiga gida. Don haka wanda ya yi gaba ba shi da ribar barin abokinsa a baya. Ɗan wasa yana da ikon ya jefa wuri ya ƙi motsawa idan ya ga motsin zai jefa ɗansa a bakin abokin gaba. Waɗannan ƙa'idoji biyu su ne suka sa manya suka ɗauki pachisi wasan tunani, su ne kuma na farko da suka zube da wasan ya ƙetara teku.

Chaupar ɗan'uwan pachisi ne, allonsu iri ɗaya. Bambancin shi ne ana buga shi da dogayen dayis uku masu fuska huɗu, ƙa'idojinsa kuma sun fi sarƙaƙiya. An fi danganta chaupar da fada da masu hali, pachisi kuma da talakawa, tunda wuri kowa na iya samu.

Game da shekarun wasan, marubuta sun rabu. Wasu na mayar da shi ƙarni na 6 bisa wasu sassaƙe-sassaƙe na cikin kogon dutse a Ellora ta Indiya, wasu kuma na haɗa shi da cacar da aka ambata a tsohon labarin Mahabharata. Masu binciken tarihin wasanni da yawa ba su gamsu da waɗannan hujjoji ba. Bayanai tabbatattu a rubuce sun fara ne daga wajajen ƙarni na 16.

A fadar Akbar

Babu sarkin da sunansa ya manne wa wannan wasa kamar Akbar, sarkin daular Mughal ta Indiya, wanda ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605. Abul Fazl, bafadensa kuma marubucin tarihinsa, ya yi bayanin chaupar a littafin Ain-i-Akbari. Ya ce akan tara manyan fada kusan ɗari biyu a zaman wasa, ba wanda ke tafiya gida sai ya kammala wasa goma sha shida, abin da wani lokaci kan ɗauki wata uku. A faɗarsa, sarkin na amfani da zaman wajen gwada halin mutanensa, ya ga wanda ke iya danne fushi idan sa'a ta juya masa baya. Duk wanda ya taɓa ganin an ci ɗansa saura taku uku ya shiga layin gida zai fahimci irin jarrabawar da ake nufi.

A Fatehpur Sikri, birnin da Akbar ya fara ginawa wajajen 1571 kusa da Agra, har yanzu akwai wani farfajiya da aka shimfiɗe da duwatsu cikin siffar allon pachisi, da ɗan dandamalin zama a tsakiya. Labarin da ya yaɗu shi ne sarki kan zauna a kan dandamalin, 'yan matan fada sanye da tufafi launi-launi su zama 'ya'yan wasan suna takawa daga gurbi zuwa gurbi. Labarin ya fi fitowa daga matafiyan Turai na ƙarni na 19, ɗaruruwan shekaru bayan rasuwar sarkin, shi ya sa masana ke taka-tsantsan da shi.

Ƙetara teku

A Amurka an mayar da wasan hajar sayarwa tun a ƙarni na 19. An yi rajistar wani samfurinsa a can a 1867, sannan a 1874 aka yi wa sunan Parcheesi rajistar kasuwanci, kamfanin Selchow & Righter ya yi ta sayar da shi fiye da shekara ɗari. Parcheesi dayis biyu gare shi, ya kuma riƙe gurabe na tsira da damar tare hanya da 'ya'ya biyu.

A Ingila ana danganta lido da wani mai suna Alfred Collier. Wasu majiyoyi na cewa a 1891 ya nemi rajistar wasan da sunan Royal Ludo, wasu kuma 1896 suke ambata. Ko ma wace shekara ce, sauyin a bayyane yake: an gajarta hannuwan allo, an maye gurbin wuri da dayis guda da ɗan kofin girgizawa, an cire haɗin gwiwa, kowa ya koma yi wa kansa. Wasan da manyan fada ke kwana a kai ya zama abin da iyali za su buga da yara su tashi cikin rabin sa'a. Wannan sauƙin ne ya ba shi ƙafa. Sojojin ruwan Birtaniya ma sun ƙirƙiro nasu mai zafi, mai dayis biyu, suna kiran sa Uckers.

Labarin Jamus ya cancanci a tsaya a kansa. Wajajen 1907 zuwa 1908 wani mutumin birnin Munich, Josef Friedrich Schmidt, ya tsara wa 'ya'yansa wasa a kan tsarin lido, mai gurabe 40. Ya sa masa suna Mensch ärgere Dich nicht, wato kamar a ce "kai, kada ranka ya ɓaci". Da farko bai sami kasuwa ba. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, sai ya aika da kwafi kusan dubu uku asibitocin sojoji kyauta. Waɗanda suka ji rauni suka yi ta bugawa a gadon jinya, da suka warke suka koma da shi garuruwansu. Daga nan ya zama ɗan gida a Jamus, an sayar da miliyoyin kwalaye, har hukumar gidan waya ta buga masa kan sarki na tunawa a 2010.

A Sifen ana kiran sa parchís, gurabensa 68, da biyar ake fita, wanda ya ci ɗan wani kuma ana ƙara masa taku ashirin. Ya kuma kafu sosai a Maroko. Kolombiya na da parqués. Faransawa da dawakai suke yi, suna cewa petits chevaux, Sinawa kuma da jiragen sama.

A Najeriya da Gana

Wasan ya iso Afirka ta Yamma ne a zamanin mulkin Turawan Ingila, amma bai zauna yadda ya zo ba. Allon da aka fi sani a Najeriya takarda ce mai launi da aka saka cikin firam ɗin katako aka rufe da gilashi, sau da yawa da hotunan 'yan ƙwallo, mawaƙa ko 'yan fim a gidajen huɗu. 'Ya'yan faifan roba ne ƙanana. Ana zuba dayis a kofin roba, a rufe bakin da tafin hannu, a girgiza, a kifa a kan gilashin da ƙarfi, sannan a ɗaga a hankali kowa ya leƙo. Wannan kifawar ce ke sa tsofaffin alluna da yawa ake ganin gilashinsu a tsage, an liƙe da salatif ana ci gaba da bugawa. Idan ɗa ya ɓace, maɓallin riga ko murfin kwalba kan tsaya a madadinsa.

Dayis biyu ake jefawa, shida kuma sunanta siki. Mutum na iya haɗa adadin biyun ya tura ɗa guda, ko ya raba su tsakanin 'ya'ya biyu. Siki biyu a jifa ɗaya na ba da damar sake girgizawa. Idan mutum biyu ne ke karawa, kowanne kan riƙe launi biyu, 'ya'ya takwas ke nan. A wurare da yawa, ɗan da ya ci na wani ana ɗauke shi daga allo a lissafa shi cikin waɗanda suka isa gida, ba sai ya ƙarasa zagaye ba. Wannan ƙa'ida ta sauya yanayin wasan gaba ɗaya, domin farauta ta fi gudu riba: gwani kan ajiye ɗansa a bayan ƙofar abokin karawa yana dako, maimakon ya yi ta sheƙa gudu. A Gana an ƙara wasu hanyoyin ci, har da komawa da baya a ci ɗan da ke biye, da tsallakawa gefe. Ta wannan fuska, lidon Afirka ta Yamma ya dawo da wani kaso na tunanin da Turawa suka cire wa pachisi.

Sa'a da dabara

Da dayis ɗaya, damar samun shida ɗaya ce cikin shida, kuma kusan kashi 16 cikin ɗari na lokuta mutum zai iya jefawa sau goma a jere bai gan ta ba. Da dayis biyu damar ganin aƙalla siki ɗaya ta haura zuwa 11 cikin 36, siki biyu kuwa ɗaya ce cikin 36. Jimillar da ta fi yawan fitowa bakwai ce. Dabarar ɗan wasa tana cikin zaɓen ɗan da zai motsa da lura da tazarar da ke tsakaninsa da na bayansa.

A wayar hannu

Kamfanin Gametion na Indiya, wanda Vikash Jaiswal ya kafa, ya fitar da manhajar Ludo King a 2016. A lokacin kullen korona na 2020 ta yi tashe matuƙa, domin 'yan'uwa da abokai da aka raba sun sami abin haɗuwa ta intanet. An sauke ta sau ɗaruruwan miliyoyi. Akwai kuma Ludo Star daga birnin Bangalore, da Yalla Ludo daga Dubai wadda ta haɗa wasan da hira ta murya, ta kuma karɓu a ƙasashen Larabawa. Yawancin manhajojin dayis ɗaya suke amfani da shi, da gurabe masu tauraro inda ba a ci. Wasu kamfanoni sun shigar da zubin kuɗi cikin wasan; a watan Agusta na 2025 majalisar Indiya ta zartar da dokar hana wasannin intanet na kuɗi, abin da ya shafe su kai tsaye.

Matsayinsa a wajen malamai

Akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya yi hani mai tsanani ga wasan nard, wani tsohon wasan Farisa da ake yi da dayis. Malamai da yawa sun sanya lido ƙarƙashin wannan hani saboda dayis ɗin, wasu kuma sun sassauta idan babu kuɗi kuma bai shagaltar da mutum daga salla ba. Idan aka sa kuɗi, dukansu sun haɗu a kan cewa caca ce.