Cibiyar Kasuwanci ta Kano da Tattalin Arzikin Karkara

Cibiyar kasuwanci ƙungiya ce da 'yan kasuwa da masu masana'antu na wani gari ko yanki suke kafawa domin bakinsu ya zo ɗaya a gaban hukuma, su kuma sauƙaƙa wa juna saye da sayarwa. Wadda aka kafa a birnin Marseille na Faransa a 1599 ita ake ɗauka mafi daɗewa a duniya. A Najeriya ta Legas ce ta fara a 1888, sannan a 1960 aka samar da uwar ƙungiya ta ƙasa, NACCIMA. Ta Kano, wato Cibiyar Kasuwanci, Masana'antu, Ma'adinai da Noma da aka fi sani da KACCIMA, tana cikin tsofaffin cibiyoyin ƙasar, domin tun zamanin Turawan mulkin mallaka take. Ofishinta a birni yake, mambobinta ma galibi 'yan birni ne, amma mafi yawan hajar da suke juyawa daga ƙauye take fitowa.

Asali

Tun kafin zuwan Turawa Kano tana da nata tsarin ciniki. Akwai madugu mai jagorantar ayarin fatake zuwa Gwanja, a ƙasar Ghana ta yau, sayen goro, akwai fatoma mai saukar baƙo ya adana masa kaya, ga dillali, ga sarkin kasuwa mai raba gardama. Kasuwar Kurmi kuwa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, take ci.

Isowar layin dogo Kano a 1911 ta sauya lissafi. Cikin 'yan shekaru gyaɗa ta zama hajar da ta fi kawo kuɗi, kamfanonin Turai suka buɗe kantuna, manyan attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka baza wakilai ƙauyuka suna saye. Cibiyoyin kasuwanci na wancan lokaci galibi na kamfanonin Turawa ne, damuwarsu kuma kuɗin dakon jirgin ƙasa da haraji da ingancin kayan da za a tura waje. Daga 1949 hukumar sayen gyaɗa ta karɓe yanka farashi. Farin da aka yi a shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka rushe dalar gyaɗa, aka kuma soke hukumomin sayen amfanin gona a 1986. Tun daga nan manomi da ɗan kasuwa suke fuskantar juna kai tsaye, babu hukumar da ke tsakani.

Inda aikinta yake taɓa ƙauye

Cibiyar ba ta raba taki, ba ta ba da bashi, ba ta da malaman gona. Amfaninta ga karkara yana kan hanyar da kaya ke bi daga gona zuwa hannun mai saye na ƙarshe.

Kasuwar Dawanau, a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa kan titin Katsina, ita ce wurin da aka fi ganin haka. Ana lissafa ta cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma, nan ne kuma riɗi da zoɓo da citta da wake suke taruwa daga kasuwannin ƙauye. Mai saye yakan caka ƙarfe mai rami a cikin buhu, ya zuba abin da ya fito a tafin hannu, ya duba tsakuwa da ƙaiƙayi da danshi kafin ya taya. A cikin sito-sito mata na zaune suna tsince busasshen zoɓon da zai tafi Meziko, injuna na tace riɗin da za a kai Japan da Turkiyya da Sin. Kafin kwantena ta bar ƙasar sai an haɗa mata takardu, ciki har da shaidar asalin kaya, wadda NACCIMA ke bayarwa. Da irin wannan shaida ake neman sassaucin kwastan a ƙarƙashin tsarin ECOWAS da yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, wadda aka buɗe ciniki a ƙarƙashinta a Janairun 2021. Manomin riɗi a Jigawa bai taɓa ganin takardar ba, amma kuɗin buhunsa a kaka ya rataya a kanta.

Maganar inganci ta fi kowace nauyi. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, irin wanda ake kira fiya-fiya. Mai zuba maganin yana gudun kada ƙwari su cinye masa jari ne, sai dai abin da aka yi a rumbu da sito ya rufe wa ƙasa guda kasuwa. Nan ne ƙungiya irin wannan take da abin yi wanda ɗan kasuwa ɗaya ba zai iya ba: ta ji sharuɗɗan masu saye na waje, ta zauna da hukumomi irin su NAFDAC da hukumar bunƙasa fitar da kaya, ta saukar da bayanin ga shugabannin kasuwa da dillalai da Hausar da za su gane. Buhun ajiya mai leda biyu a ciki, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar toshe iska, yana hana wannan ɓarna ba tare da guba ba, kuma yaɗa shi aiki ne da ya dace da ita.

Sai hanya. Tumatirin noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure, wanda ruwan madatsar Tiga ke shayarwa, ana loda shi a kwanduna a Kwanar Gafan ya nufi Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000. Duk shingen da aka tsayar da mota, da duk rasit ɗin harajin da aka yanka wa direba, daga kuɗin manomi ake cire shi, domin ɗan sari ya riga ya sa shi a lissafi tun kafin ya taya kwando. In motar ta kwana a hanya kuma kayan ya ruɓe. Haraji barkatai da shingaye da rashin wutar lantarki suna cikin koke-koken da cibiyoyin kasuwanci na Najeriya suka fi kai wa gwamnati, kuma a wannan gaɓa bukatar attajiri da ta manomi ɗaya ce.

Abin da jama'a suka fi sanin cibiyar da shi shi ne kasuwar baje koli da take shiryawa a filin titin Gidan Zoo wajen ƙarshen shekara. Takwararta ta Kaduna, KADCCIMA, ita ke shirya Kasuwar Duniya a kan hanyar Zariya. A irin waɗannan wurare masu sana'a daga ƙananan hukumomi kan ga injin ban ruwa mai aiki da hasken rana ko na casar shinkafa, su kuma haɗu da masu saye da yawa.

Tsallaken iyaka

Kasuwar Kano ba ta tsaya a Jibiya ko Maigatari ba. Dabbobi da wake da albasa suna shigowa daga Nijar, masara da kayan masarufi suna tafiya can. Tsarin Nijar ya bi na Faransa: cibiyar kasuwanci hukuma ce da doka ta kafa, manoma da makiyaya kuma suna da nasu cibiyoyin daban a jihohi takwas na ƙasar, ƙarƙashin uwar ƙungiyarsu RECA. A Najeriya, bisa salon Ingila, shiga ganin dama ne. Rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024, sun nuna yadda shawarar da aka yanke a Abuja ko Yamai take kashe kasuwar ƙauye cikin mako guda. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, wannan tsohuwar hanyar ciniki zai bi.

Rauninta

Babban giɓin shi ne ƙaramin manomi ba ya da kujera a ciki. Mamba yakan zama mai kasuwanci mai rajista wanda ke biyan kuɗin shekara, abin da mai gona kadada ɗaya ko mace mai matsar man gyaɗa a cikin gida ba su da shi. Bukatu kuma ba kullum suke haɗuwa ba. Mai kamfanin shinkafa yana son shanshera da araha, wanda ya noma ta yana son ta yi daraja. Da gwamnatin tarayya ta sanar a Yulin 2024 cewa ta janye harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150, masu sarrafawa da mazauna birni sun samu sauƙi, manomin da ya sayi taki da tsada kuwa shi ya shiga zullumi. A irin wannan rana ba adalci ba ne a ɗauki muryar cibiyar a matsayin muryar karkara. Masu yi wa manomi magana su ne ƙungiyoyinsa, irin su AFAN da RIFAN ta manoman shinkafa, da ƙungiyoyin gama kai na ƙauyuka, waɗanda rajistarsu ke ba su damar shiga harkar kwangila da banki da sunan mutane da yawa.