Hemanjiyoma na ƙashin baya a saitin ƙugu

Hemanjiyoma wani ƙari ne na ƙananan jijiyoyin jini da suke cunkushewa a cikin gaɓar ƙashin baya, ba sankara ba ne kuma baya yaɗuwa zuwa wani wuri. An fi ganinsa a saitin ƙirji, sai ƙugu. Kusan mutum 10 cikin 100 suna da shi ba su ma sani ba, wanda yake kawo ciwo kam ba kasafai ba, wajen 1 cikin 100 na masu shi.

Tarihi

Ana danganta bayaninsa na farko da Rudolf Virchow, likitan Jamus, wajen 1867, sai wajen 1926 wani likita mai suna Perman ya bayyana kamanninsa a hoton eksire. A 1984 a garin Amiens na Faransa, likitoci biyu, Galibert da Deramond, suka ɗura simintin ƙashi ta allura cikin gaɓar wuyan wata mara lafiya da wannan ƙarin ya cinye, ciwon ya lafa, daga nan wannan dabarar ta samo asali, yanzu har karayar ƙashin bayan tsofaffi ana yi mata.

Ganowa

Laka tana ƙarewa ne wajen gaɓar ƙugu ta 1 ko ta 2, ƙasa da nan sai tarin jijiyoyi da likitoci ke kira jelar doki, to in ƙarin ya fito ya danne su mutum zai ji ciwo na sauka har ƙafa, ga mutuwar jiki, wani ma fitsari ya dinga kufce masa, wannan kuwa ba abin jira ba ne, asibiti a ranar. A wurin mata, juna biyu na wata bakwai zuwa tara yakan tayar da shi. A eksire gaɓar tana fitowa da zane a tsaye kamar ƙarafan taga, a hoton CT ɗigo-ɗigo fari, hoton MRI shi ke nuna dannewar jijiyoyin. Yakan yi kama da tarin fuka na ƙashi ko sankarar da ta yaɗu, kuma ɗibar nama don gwaji na iya jawo zubar jini.

Magani

Wanda baya ciwo barinsa ake yi. Mai ciwo akwai siminti, toshe jijiyar da ke kai masa jini, allurar etanol, radiyeshon (gashi da haske), ko tiyata in ƙafa ta fara shanyewa, yawanci a toshe jijiyar tukuna saboda jini. Likitoci ba su daidaita kan wanda ya fi ba.