Tirelar kwana: me ke tsaga shasi, kuma yaya ake ƙarfafa shi?

A Amurka da Ostiraliya iyalai da yawa suna da wani ɗaki mai taya da ake ɗaurawa a bayan mota, da gado da kicin da tankin ruwa a ciki. Yawancin na Amurka a yankin Elkhart na jihar Indiana ake ƙera su. Matsalar da ta fi ba masu irin wannan tirela tsoro tana can ƙarƙashi, inda ba kowa ke leƙawa ba.

Wane wuri ne ya fi saurin lalacewa?

Maratayin sifirin. Wani ƙarfe ne mai kunne biyu da ake waldawa a ƙasan shasi, shi ke riƙe bakin sifirin mai falle-falle, irin wanda makanikanmu suka sani a a-kori-kura da manyan motoci. Tirela mai aksul biyu tana da marataya uku a kowane gefe, kuma na tsakiya ne ya fi shan wahala, domin sifirin na gaba da na baya duk a jikinsa suke haɗuwa.

To ramuka ne ke karya shi?

Suna da hannu, amma shan kwana ya fi su ɓarna. Tayoyin tirela ba sa juyawa kamar na gaban mota. Idan direba ya sha kwana mai tsanani, musamman yana ja da baya a kan kwalta ko siminti, tayoyin gaba da na baya sai su rinƙa gogar ƙasa ta gefe, waɗannan su ja dama, waɗancan su ja hagu. Duk ƙarfin nan a kan maratayi yake ƙarewa. Shi kuwa an yi shi ne don ɗaukar nauyin sama da ƙasa, sai ya rinƙa lanƙwasa kaɗan-kaɗan kamar wayar da yaro ke murɗawa, har wata rana ya tsage kusa da walda, ko ya yago ƙasan shasin gaba ɗaya. Ƙarfen shasin kansa ba shi da kauri sosai, saboda masu ƙira suna so ƙaramar mota ta iya jan tirelar.

A Ostiraliya kuwa gargada ce ke cin ƙarfe. Hanyar Gibb River da ke yankin Kimberley, mai tsawon kimanin kilomita 660, ta yi suna da wannan girgiza, shi ya sa matafiya ke rage iskar taya su kuma rage gudu.

Wane gyara ne ya fi amfani?

A ganina, sandar tsallake: bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu da ake haɗa maratayin dama da na hagu da shi, ta yadda ɗaya ba zai karkace shi kaɗai ba. Kamfanin MORryde yana sayar da irinta da ake ɗaurawa da noti, amma ƙwararren mai walda zai iya haɗa ta. Bayan ita sai ƙananan faranti masu kusurwa uku da ke tokare maratayi da jikin shasi. Mutane da dama kuma suna cire bushin na roba, wato zoben da ke cikin bakin sifirin, su sa na tagulla, tare da ƙusoshi masu ƙofar giris.

Idan shasi ya riga ya tsage, a bi tsagar da walda kawai?

Zai sake tsagewa. Ana fara huda ƙaramin rami a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba da tafiya, a goge wurin, a yi walda, sannan a ɗora faranti mai tsinin baki a kai. Faranti mai miƙaƙƙen baki yana tara wahala a layi ɗaya, sabuwar tsaga ta fito daidai inda ya ƙare. Haka nan ba a jan walda ta ratsa faɗin leɓen shasi na ƙasa. Kafin a kunna injin walda kuma a cire batir, a sauke tukunyar gas, a kawar da wayoyi da ledar da ke rufe ƙarƙashi, domin daɓen ɗakin galibi katako ne.

Bayan an ƙarfafa, za a iya ƙara kaya?

A'a. Iyakar nauyin da aka rubuta a jikin tirela tana nan yadda take, tunda aksul da taya da birki ba su canja ba, ƙarfen da aka ƙara ma ya ci wani abu daga ciki. Ruwa kaɗai ya isa misali: lita 150 a tanki kilo 150 ke nan. Ana kuma so kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirela ya sauka a kan mahaɗarta da mota.

Yaya mutum zai gane matsala tun da wuri?

Ya shiga ƙarƙashi da tocila kafin doguwar tafiya. Siririn layin tsatsa a gefen walda, fenti da ya ɓare a wuri guda, ramin ƙusa da ya koma kamar ƙwai, ko taya da ke cinyewa ta gefe ɗaya, kowanne cikinsu ya isa a kai tirelar gareji kafin a loda kaya.